Godiya ga Hajiya mai lamurje da sobolo ta Kasuwar Nima

Assalamu alaikum.

Hajiya, tun da aka watse bikin ɗiyata nake cewa zan zo shago in yi miki godiya baki da baki, sallamar baƙi ba ta bar ni ba. Na ga ma gara in rubuta inda mutanen Nima da Mamobi da Sabon Zongo, unguwanninmu na nan Accra, za su gani, don abin da kika yi ya wuce a bar shi tsakanina da ke.

Kowa a zango ya san lamurje, kuma kowace mace da hannunta. Naki na abarba ne ya sa na bi ki. Ba kowace abarba kike sa wa ba, sai farar nan mai zaƙi ta wajen Ekumfi. Kurɓar farko tsamiya ce ke kama gefen harshe har mutum ya runtse ido, sai zaƙin abarba ya biyo ya lallashe shi, can bayan an haɗiye citta da kanumfari su tsaya a maƙogwaro suna ɗumi. Sobolonki ma, wato zoɓo, ba ya baya, da ɓawon abarba da kimba kike dafa shi, jansa har ya yi duhu. Amma ba daɗi ne ya sa ni rubutu ba.

Daren jajibirin bikin aka ɗauke wuta, dumsor ɗin da muka saba, har gari ya waye ba ta dawo ba. Ana idar da sallar asuba kika kira ni. Kika ce kin buɗe kwalbar lamurje ɗaya ta yi huci, kumfa ya taso, warin ya canza. Ruwan 'ya'yan itace da sukari in suka kwana cikin zafin Accra ba sanyi, tashi suke yi, tsamin tsamiya ya koma tsamin kwana, daga nan kuwa hanyar barasa aka kama. Maƙwabtanmu na kudu sun daɗe suna tsokanarmu wai lamurje giyar Hausawa ce. Ranar nan da kin yi shiru, da wasa ya fara zama gaske, a taron da malamai da limamin unguwa ke zaune a sahun gaba.

Ni dai hankalina ya tashi, har na ce ko a ƙara ƙanƙara da sukari a rufe. Kika ce, "Yaya, abin da ba zan ba 'ya'yana ba, ba zan ba baƙinki ba." Kika zubar da shi duka. Kuɗin abarba, kuɗin niƙa, wahalar tata, duk a kanki. Kika tashi 'yan matanki, aka jiƙa sabuwar tsamiya, aka nemo ƙanƙara, kafin azahar aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na dakon kaya, ta tsaya a ƙofar gidanmu da kuloli cike. Na so in raba asarar da ke, ko sidi ɗaya kika ƙi karɓa.

Dangin ango da suka zo daga Aboabo ta Kumasi, waɗanda ba su cika yabon abin Accra ba, sai da suka nemi a zuba musu na hanya.

Roƙo ɗaya gare ni. Tsofaffinmu da yawa suna fama da ciwon suga, a bikin ma na ga wasu sun kurɓa sun ajiye suna kallo. Ki riƙa ware musu wanda ba sukari, zaƙin abarbar ya ishe shi, ni ce zan fara saya wa mahaifiyata.

A gaishe mini da 'yan matan da suka yi tata, musamman ƙaramar da ta zo hannunta duk ya rine da sobolo. Allah ya mayar miki da abin da kika zubar ninkin ba ninkin, ya sa albarka a kasuwa.

Taki,
Uwar amarya, daga Mamobi