Kalmar "ping" ƙara ce, ba gajerun harufa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini don gyara wata fahimta da ta yaɗu tsakanin masu koyon kwamfuta, wai kalmar Turanci "ping" harufan farko ne na wasu kalmomi aka harhaɗa. Ba haka ba ne. Kwaikwayon sauti ce, kamar yadda Bahaushe ke cewa ƙwal ko tas. Tun ƙarni na 19 Turawa ke kiran ƙarar harsashi da ita idan ya bugi ƙarfe: siririyar ƙara, gajera, mai ɗan amo a ƙarshe.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ruwa kan harba sauti cikin teku don gano jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa. Sautin ya bugi abu ya dawo, sai a lissafa nisa daga lokacin da ya ɗauka. Sojojin ruwa suka kira shi ping. Shi ya sa da wani masanin kwamfuta, Mike Muuss, ya rubuta ƙaramar manhajar gwada layin sadarwa a Amurka a Disamban 1983, ya raɗa mata wannan suna. Fassarar harufan daga baya aka ƙaƙaba mata.

Aikin manhajar ke nan har yau. A Windows, ka buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta ping, ka bar tazara, ka sa adireshin intanet ɗin da kake son gwadawa. Za ta aika saƙo 4, ta nuna lokacin zuwa da dawowar kowane da milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. A nan ake yawan tuntuɓe, domin babbar lamba ba abin murna ba ce. Ƙasa da 50 layi lafiya lau. Idan ta haura 150, magana ta intanet za ta fara jinkiri, mutum biyu su riƙa katse juna. Layin tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 35,786 kan kai wajen 600, kuma sayen ƙarin data ba ya maganinsa, tunda nisa ne sanadi. Rashin amsa ma ba lallai na'urar ta mutu ba, wasu da gangan ake hana su amsawa saboda tsaro.

A hira kuwa, idan abokin aiki ya ce "ping me", nufinsa ka taɓa shi da gajeren saƙo. Kalmar ta tsakanin abokai ce, kada ɗalibanmu su sa ta a takardar neman aiki.

Naka,
Mai karatu