Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Binciken Sitiroyid na Tsirrai

Ya ku 'yan ƙungiya masu daraja, kwamiti yana gabatar muku da rahoton ayyukansa na bana, waɗanda akasarinsu suka shafi amfani da na'urar auna nauyin ƙwayar sinadari, wato MS, wajen gano siffar sitiroyid, wani rukunin sinadarai masu zobba huɗu na kabon, da ake tatsowa daga tsirrai.

An fara da horar da sababbin mambobi a kan GC-MS, wato MS da aka haɗa da na'urar da ke rarrabe sinadarai suna a matsayin iska. An koya musu haɗa samfur da BSTFA, sinadarin da ke sauƙaƙa wa samfur zama iska, kafin a saka shi cikin na'ura, wanda ke ƙara 72 a kan nauyin kowane sitirol (wani nau'in sitiroyid), ta yadda campesterol ke tashi daga 400 zuwa 472, stigmasterol daga 412 zuwa 484, sitosterol kuma daga 414 zuwa 486. Sannan aka shiga karatun gutsattsarin ƙwayar sinadari da bugun lantarki mai ƙarfin 70 eV ke haifarwa a cikin MS, musamman gutsure mai nauyin 129, alamar ɗauri mai ninki biyu a kabon na 5, da gutsuren 255 da ke bayyana idan reshen gefe ya tsinke tare da ɓangaren da BSTFA ya ƙara.

Lambar 414 ce ta fi cin lokacin kwamiti. Wasu sakamakon da aka kawo mana don dubawa sun ambaci sitosterol ne don kawai an ga wannan lamba a samfurin da ba a haɗa da BSTFA ba, alhali diosgenin na tsirran Dioscorea (dangin doya) ma nauyinsa 414 ne. Raba su ba shi da wuya ga wanda ya natsu, domin diosgenin yana fitar da gutsuren 139 mai ƙarfi, na'ura mai tsananin daidaito kuwa tana nuna 414.313 gare shi, 414.386 ga sitosterol. A ganinmu gaggawa ce ta jawo kuskuren, shi ya sa aka zartar cewa daga yanzu ba za a amince da sunan wani sinadari ba sai an haɗo da gutsattsarinsa, an kuma kwatanta lokacin fitowarsa da na tsantsar sinadarin da aka tabbatar.

Muna kuma tunatar da mambobi cewa MS ba ta iya bambance sitosterol da clionasterol, tun da yadda kabon na 24 ya karkata ne kaɗai ya raba su. Bambance su aikin NMR ne, na'urar da ke gano siffar sinadari ta hanyar maganaɗisu.

Baɗi za a karkata ga brassinolide, sitiroyid mai taimaka wa girman tsirrai, wanda aka fara ware shi a 1979 daga garin furen Brassica napus, wani tsiro dangin kabeji. Saboda ƙarancinsa a jikin tsirrai, aikin zai buƙaci LC-MS/MS, na'urar da ke rarrabe sinadarai a cikin ruwa ta auna su hawa biyu, kuma ana roƙon mambobin da ke da damar amfani da wannan na'ura su sanar da sakatare kafin babban taro.