Renon Itatuwan Tsibirai a Kwalba: Inda Gizo Ke Saƙar

Ya Edita,

Ana yawan kawo maganar renon tsiro a kwalba kamar ita ce za ta ceto duk itacen tsibiri da ke dab da ƙarewa. Dabarar tana aiki, amma ya kamata masu karatu su san inda take cijewa.

Aikin kansa ba wani sihiri ba ne. Ana yanko ɗan reshe mai ido ɗaya, tsawonsa santimita 1 zuwa 2, a tsoma shi a sipirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari na rabin minti, sai ruwan bilic na minti 10 zuwa 15, a ɗauraye sau uku da dafaffen ruwa, sannan a dasa shi a kan abincinsa cikin kwalba. Abincinsa yawanci haɗin da masana tsirrai Murashige da Skoog suka fitar a 1962 ne: kowace lita da sukari giram 30 da agar (garin da ke daskarar da haɗin) giram 8, a dafa a tukunyar tururi a digiri 121 na minti 15. Sinadarin BAP ke sa toho, IBA ke fito da saiwa. Duk mako 4 zuwa 6 a sauya kwalba.

To, bilic fatar reshe kawai yake wankewa. Tsohon itacen da ya rage shi kaɗai a daji sau da yawa funfuna ta riga ta shige jijiyoyinsa. Sai a ga kwalba tas kwana goma, rannan a wayi gari farin gashi ya lulluɓe gindin reshen, sukarin ya zama abincin cuta. Irin wannan ce ta addabi itacen da ake kira zaitun ɗin Santa Helena, wani tsibiri a Tekun Atlantika: na daji ya mutu a 1994, na ƙarshe da ake reno ya bi shi a 2003. Wani reshen kuma ruwan ɗacinsa yake zubarwa, agar ɗin ya yi baƙi, shi ya sa ake zuba garin gawayi.

Ko an tsallake wannan, ganyen da ya tashi a kwalba bai san bushewar iska ba. In ba a rufe shi da leda ana ɗagawa kaɗan-kaɗan na makonni ba, yini guda ya yanƙwane.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafi. Tsiro dubu daga uwa ɗaya, a jini itace ɗaya ne. Cutar da ta kama ɗaya ta kama duka, wasu itatuwan kuma ba sa yin iri da furen kansu. Don haka a fara ɗibar rassa tun ana da itatuwa ashirin ko talatin, kowace kwalba a rubuta uwarta, a kuma killace wurin dashe daga awaki da ɓeraye kafin a fito da tsiro ko ɗaya.

Naku,
Wani mai karatu