Godiya ga ma'aikatan sashen awo na asibitin unguwarmu

Assalamu alaikum.

Makon jiya na yi arba'in, ni da jaririyata muna lafiya lau, shi ne na ce sai na fito fili na gode wa sistoci da likitar sashen awon ciki na asibitin unguwarmu a nan Zariya.

Cikina yana mako 26 babbar sista ta ce in zo da sassafe kafin in karya. Aka ɗebi jinina, aka miƙo mini kofin ruwan gulukos giram 75, zaƙi har yana hawa kai. Awa biyu na yi a kan benci, kowace awa a sake ɗiba. Na farkon ya nuna 5.6, alhali daga 5.1 ake cewa mai ciki tana da suga. Nan take na fashe da kuka, don ciwon suga ne ya cinye wa gwaggona ƙafa.

Ni mace ce mai jiki, kuma na saba a asibiti da an dube ni sai a ce "Hajiya, rage ci," shi ke nan a kira ta gaba. Wannan likitar kujera ta ja ta zauna. Ta ce insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, kamar mai sallama ne a ƙofar gida, idan tsoka ta amsa sai suga ya shiga. Daga tsakiyar ciki mabiyiya kan fitar da sinadaran da ke sa jiki ya yi nauyin amsawa, domin suga ya daɗe a jini ya isa ga ɗa. Kowace mai ciki haka take, sai dai yawanci jiki yakan ƙara insulin ya cike giɓin.

Abin da ya fi ba ni mamaki kitse ne. Da ina ɗaukarsa ajiya kawai, ashe shi ma yana aika saƙo cikin jini. Akwai adiponektin, mai taimaka wa jiki ya ji sallamar insulin. Shi kuwa, abin haushi, yawan kitse rage shi yake yi, ciki ma yana ƙara rage shi. Akwai kuma leptin, wanda ke hauhawa da ƙiba, mabiyiya ma tana yin nata. Ta ce, "Hajiya, abu biyu ne suka haɗu miki, ba zari kika yi ba." Wallahi wannan maganar ce ta share mini hawaye.

Ba su sa ni yunwa ba. Lemon kwalba da sukarin koko aka hana ni, malmalar tuwo ta koma rabi, wake da zogale da ƙwai suka ƙaru, sai ɗan tattaki a tsakar gida bayan cin abinci. Wata ƙaramar sista ta riƙe yatsana ta koya mini huda shi daga gefe, inda zafin bai kai ba. Surukata da ta dage cewa mai ciki cin mutum biyu take yi, ita ma sun zaunar da ita cikin girmamawa, suna ta "Mama", har ta sauko.

Na haihu da kaina, kilo 3.3. Aka duba sugan jaririyar, aka sa mini ita a nono da wuri. Sun ce in dawo gwaji tsakanin mako 6 zuwa 12, tunda wadda ta yi sugan ciki ta fi kusa da kamuwa da shi nan gaba. Ranar Talata zan zo, ban karya ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a.

Taku,
Wata mai jego daga Zariya