Wasiƙa daga Maradi: zancen huren muge

Assalamu alaikum mutumina, ya sanyin Nant, ya iyali da 'yar baƙuwarmu? Mu nan Maradi lahiya lau sai zahi wanda ba a magana, kuran ma ɗauke-ɗauke yake, a tsakar gida muke kwana.

Na ga hoton da ka turo ranar 1 ga Mayu, huren nan fari ƙanana masu kama da 'yan ƙararrawa sun sunkuyar da kai a jere jikin kara guda, muge ko? Wallahi ya yi kyau. Amma zancen ka aiko min da saiwarshi in dasa bayan gida, bari kawai, kar ka ɓata kuɗinka. Wanga tsiro ɗan daji ne na ƙasashen sanyi, ƙarƙashin itatuwa yake fitowa inda inuwa da danshi, saiwar tana yaɗo cikin ƙasa, kuma sai ta sha hunturu sosai kamin ta yi hure wajen Afrilu zuwa Mayu, to ina yairayin Maradi ina wanga aiki, kwana biyu rana ta soya shi. Mutanen ƙasar Finlan ma sun ɗauke shi huren ƙasarsu, mu ko sai dai kallo.

Ashe garinku ne cibiyar nomanshi, mafi yawan wanda ake saidawa Faransa daga wajen Nant yake fitowa, kuma al'adar ba da shi kyauta ranar 1 ga Mayu ana danganta ta da sarkinsu Sharl na 9 tun 1561. Kai da ko kuka ba ka iya bambantawa da gawo yanzu ka zama mai riƙe hure, Allah mai iko.

Abin da ya sa na matsu in rubuto, na hango gilashin da kuka sa shi kan ƙaramin tebur, ga yarinya tana rarrafe. Dukanshi dahi ne mutumina, ganye, hure har jajayen 'ya'yan da yake yi daga baya, zuciya yake taɓawa. Don Allah a ɗaga shi sama, ruwan gilashin ma a zubar.

In kewar hure ce ka zo da damina mu tahi Madarunfa ka ga bado kan tabki, albasar kwaɗi ma ruwan fari na sauka za ta fito bakin gonar Baba. Ka gaida madam, Inna na gaishe ku.

Naka, daga Maradi