Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Jami'ar André Salifou ta Damagaram

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin kimiyya ne a wata sakandare ta garin nan. Na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a domin maganar ta shafi duk uwar da ta taɓa kwana a asibiti tana jiran sakamakon awon jinin ɗanta.

Roƙona shi ne jami'armu ta kafa ɗan ƙaramin rukunin bincike a kan halin furotin cikin magudanan ruwa masu tsananin ƙanƙanta, waɗanda a kansu ake gina sababbin na'urorin gano cuta. Na san akwai masu cewa wannan aikin Turai da Amurka ne, mu da ko alli ke yanke mana a aji. Ina roƙon ka saurare ni tukuna.

Yawancin awon gaggawa da likitocinmu ke yi, furotin suke nema. Ɗan katakon awon zazzaɓin cizon sauro yana farautar wani furotin ne mai suna HRP2 da ƙwayar cutar ke saki a jini. Amosanin jini kuwa, wato sikila, sauyi ne a wuri guda tak a cikin hemogulobin, furotin da ke ɗaukar iska a jini, kuma sauyin yana rage masa cajin lantarki, shi ya sa ake iya rarrabe shi da lafiyayye. Matsalar ita ce a farkon ciwo furotin ɗin da ake nema kaɗan ne ƙwarai, kafin ya yi yawan da awo zai gan shi, yaro ya galabaita.

Nan ne amfanin waɗannan magudanai. Nanomita ɗaya, mita ne aka raba gida biliyan. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000, su kuwa magudanan ba sa kai 100. Hemogulobin nanomita 5 zuwa 6 ne, furotin garkuwar jiki kuma 10 zuwa 15. A babban titin Sabon Gari mutum yakan wuce bai taɓa bango ba, amma wanda ya shiga lungunan Birni dole rigarsa ta gogi katanga. Haka furotin yake a ciki: bango ne ke mulki. Idan aka liƙa wa bangon abin da zai cafke furotin ɗin da ake nema, ba shi da hanyar kaucewa, sai awon da ke cin awoyi ya koma na mintoci. Kamfanin Abionic na Lozan a Suwizalan ya ƙera na'ura a kan wannan dabara, tana auna wata alamar gubar cuta a jini daga ɗigo guda cikin ƴan mintoci. Tun 2005 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna ana iya amfani da irin waɗannan magudanai da wutar lantarki a tattara furotin da ya tsinke, ƙarfinsa ya ninka har sau miliyan.

Amma bangon nan da ke taimako shi ne kuma ke ɓarna. Gilas a cikin ruwa yana ɗauke da cajin negatif, sai ƙwayoyin gishiri su jeru a jikinsa. A gishirin da ya kai na jini kaurin wannan jeri bai kai nanomita 1 ba, in an tsinka gishirin sosai yana kai 10, har ya cinye rabon magudanar mai yawa. Furotin mai cajin pozitif, kamar lisozim na cikin hawaye da farin ƙwai, mannewa yake yi ya ƙi sakin bango. Furotin albumin na jini kuwa negatif ne kamar bangon, duk da haka yakan samu inda ya lafe. Da an samu ɗan sauyi a gishiri, ko tsamin ruwa, ko zafi, furotin na iya warwarewa ya dunƙule ya toshe hanya, na'ura ta ba da amsar ƙarya.

Ranka ya daɗe, kalmar zafi nake so ka riƙe. Ana ƙera waɗannan na'urori ana gwada su a ɗakuna masu sanyi da tsabta. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, da hunturu ƙura na shiga ko'ina, wuta na ɗaukewa. Yaya furotin ke yi a magudana mai faɗin nanomita 50 a gidan likita na ƙauye a tsakiyar bazara, cikin jinin yaron da ke fama da tamowa da zazzaɓi lokaci guda? Wannan tambaya tamu ce, kuma in ba mu yi ta ba, za a sayar mana da amsar da aka samo a wani yanayi.

An ga irin haka. A 2010 aka ba da rahoto daga Peru cewa wasu ƙwayoyin zazzaɓi sun daina yin HRP2, a 2016 kuma Eritiriya ta sauya irin awon da take amfani da shi saboda yana cewa lafiya lau alhali mutum na ɗauke da cutar. Mu ma ba mu manta da sanƙarau ɗin da ya faɗa wa jaharmu daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ba, musamman wajen Dungas, ga kuma cibiyar CERMES mai tantance ƙwayar tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900.

Ba ina cewa a gina masana'antar ƙera magudanan ba ne, kuɗinta ya fi ƙarfinmu kuma ba shi ne mafari ba. A fara da kwamfuta: manhajar GROMACS kyauta ce, da ita ɗalibin fiziks ko kemistiri zai kwaikwayi motsin furotin kusa da bango, ya ɗaga zafi ya ga abin da zai faru. Sannan a samu teburin gwaji guda inda malaman kimiyya da na sashen likitanci za su zauna tare, su karɓo na'urorin da wasu suka ƙera su jarraba su a zafinmu. Maƙwabtanmu na Kano sun yi haka da na'urar awon sikila ta HemeChip, wadda ba ta kai wannan ƙanƙanta ba amma hanyar jarrabawar ɗaya ce.

Abu na ƙarshe shi ya fi damuna, kuma sa hannunka kawai yake buƙata. Duk baƙon mai bincike da zai nemi haɗin gwiwa da jami'a don ɗibar jinin mutanenmu, a rubuta masa sharaɗi: wani ɓangare na awon a yi shi a nan Damagaram, ɗalibinmu ya riƙe na'urar da hannunsa, sunansa ya fito a sakamakon, kuma a bar mana kwafin bayanan. Ina roƙon a gabatar da wannan sharaɗi a zaman majalisar jami'a mai zuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani malamin kimiyya, Damagaram