Komawa Dutse: A Duba Ruwa Kafin Biyan Haya

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan magidantan da tsadar haya ke korowa daga Kano zuwa Dutse. Gidajen sun fi araha, amma rahoton bai taɓo batun ruwa ba.

Wanda ya kama gida da damina zai tarar da rijiya cike. Daga Maris zuwa Mayu sai ta ƙafe, kuma a unguwannin gindin duwatsu mai ƙara mata zurfi kan ci karo da falalen dutse. Rarar kuɗin hayar sai 'yan ga-ruwa su kwashe, jarka-jarka.

Ina roƙon gwamnatin Jigawa ta riƙa shimfiɗa bututun ruwa kafin raba filaye. Mai neman gida kuma ya tambayi maƙwabta halin rijiyar da bazara kafin ya biya kuɗin shekara.

Naku,
Wani mai karatu, Dutse